Gwankayen Tabkin Baure

Bana ruwa ya yi jinkiri. Mutanen Mandera, yankin da na taso, sun yi binne tun watan jiya, iri yana kwance cikin ƙasa mai zafi kamar tokar murhu, tururuwa tana kwashewa. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta yayyaga shi, ta bar mu da ƙamshin ruwan da ya sauka a gonar wasu. Ina zaune a zaurena a Bodinga, inda na dawo na ajiye ƙafa bayan dogon yawo, wannan ƙamshi ya shigo mini hanci, sai na tsinci kaina a bakin Tabkin Baure, a shekarar babban fari.

Na yi yawo gwargwado. Na fara da yaron mota, na zama direba, na koma fataucin goro da fata. Na kwana a Yamai, na yi shekaru a Garwa, na yi azumi a Umdurman, na ɗauki kaya a tashar jiragen ruwan Mombasa. Kowace ƙasa na tsinci ɗan abin da zan sayi abinci da shi a harshenta. Amma ban taɓa shiga daji don kallo kawai ba sai shekarun nan, da 'yata Hadiza, wadda take aikin asibiti a Tanzaniya tare da mijinta, ta matsa sai na je mata. Ta ce za ta kai ni abin da suke kira safari, wato a zuba mutane cikin buɗaɗɗiyar mota a zaga da su gandun daji suna kallon namun dawa.

Mun ga giwaye, mun ga ɓauna, mun ga jakin dawa da raƙuman dawa suna tsinkar ganye a hankali kamar masu azumin nafila. Duk na kalla, na yi tasbihi, ban ji komai a ƙirjina ba. Sai da yamma direbanmu, wani saurayi mai suna Juma, ya kai mu wani ɗan tabki ya kashe mota. Akwai wasu motocin a jere, kowa ya yi tsit. Ya ɗora yatsa a leɓe ya ce mana da raɗa, a nan doka ce, ba magana, ba sauka, ba motsi, domin dabba tana shan ruwa. Ba a jima ba garken gwanki ya fito daga cikin ciyawa, da dogayen kunnuwansu da fuskar nan mai baƙi da fari kamar an yi musu kwalliya. Babban namijin ya tsaya ya shaƙi iska, sannan ya sunkuyar da kai.

Na kau da fuskata.

Hadiza ta taɓa ni ta ce, "Baba, mi yas same ka? Rana ta?"

Na ce mata rana ce.

Mahaifina sunansa Umaru, amma ba mai kiransa haka. Sarkin Baka ake ce masa, shi ne shugaban maharban ƙauyukanmu da ke yamma da Mandera. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah. "Kai wanga" yake ce mini. A shekarar da nake ba da labari na riga na yi aure, na ɗan taɓa aikin mota na dawo noma, matata Ige tana goyon Hadiza.

Tabkin Baure yana tsakanin ƙauyenmu da hanyar Shagari. Tun kakanni an raba shi biyu. Gabar gabas ta mutane ce da shanu, gabar yamma ta dawa ce. Can bayan gabar yamma, da ɗan nisa, akwai wata tsohuwar kuka da ake kira kukar iyaka. Dokar maharba ita ce, ba a harbin mai shan ruwa, ba a ɗana masa tarko a hanyar ruwa, ba a bin sa sai ya wuce kukar nan, leɓensa ya bushe. Daga can kuwa kai da sa'arka. A shekarun ƙoshi wannan doka ba ta da nauyi ko kaɗan. Dabba ta sha ta wuce, maharbi ya bi sawu, kowa ya samu rabonsa.

Sai ga shekarar nan. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sama ta rufe bakinta. Tsiron ya murɗe ya ƙone. Aka sake shuka da ɗan yayyafin da ya biyo baya, shi ma haka. Muka fita roƙon ruwa da riguna a juye, yara da tsofaffi har da awaki, muka dawo ƙafafunmu sun yi bororo. Kafin lokacin da ya kamata a ce ana girbi, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura.

Yunwa tana da tsarinta, ba ta zuwa gaba ɗaya. Da farko aka daina tuwon rana. Sannan fura ta koma ruwa mai launin fura. Sannan aka sayar da awaki a kasuwar Shagari a kan abin da bai kai kuɗin igiyarsu ba. Sannan aka ci iri. Bayan iri sai dusa, bayan dusa sai daji. Da asuba, in an idar da salla, Inna da Ige su ɗauki ƙwarya su tafi ɗibar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin da ko akuya ba ta so. A dafa, a jiƙa, a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, kafin ɗacin ya ragu har ya haɗiyu. Mu maza mu shiga rijiya mu ƙara mata zurfi, a fito da laka a matse. Da hantsi a tafi tonon gidan tururuwa, a ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Da azahar ba mai motsi, kowa ya kwanta inda inuwa ta same shi, ƙasa tana huci kamar bakin tanda. Da la'asar a sussuka ƙarangiya a fitar da 'yan ƙwayoyinta, hannu duk ƙaya. Da magariba a haɗa anza da ganyen yaɗiya, a zuba gishiri in akwai, a ci, a sha ruwa da yawa a kai don ciki ya zaci an ba shi wani abu.

Shanun Fulani sun yi ta faɗuwa a kan hanya. Ungulaye suka ƙoshi har ba sa iya tashi, sai dai su yi tsalle su matsa maka. Warin mushe ya zauna a cikin iska har muka daina jin sa. Gashin yara ya koma ja.

Duk tabkunan yankin suka ƙafe, ya rage Tabkin Baure kaɗai, shi ma ya janye ya koma kamar faifai a tsakiyar laka. Sai dawa gaba ɗaya ta tattaro ta zo gabar yamma. Barewa, gada, zabbin daji, gauraki, har da wani garken gwanki da wani babban namiji mai karyayyen ƙaho yake jagoranta. Kuma ga inda matsalar take: ba sa komawa. Ƙarfin tafiya ya ƙare musu. In sun sha sai su kwanta a 'yar inuwar da ke tsakanin tabki da kukar iyaka. Nama yana kwance tsirara a gaban mutanen da ke cin anza, doka kuma ta ce ba a taɓa shi.

Baffa Altine, taubashin mahaifina, maharbi ne shi ma, kuma bakinsa ya fi kibiyarsa kaifi. Shi ya raɗa wa mai karyayyen ƙahon nan suna surukin Sarkin Baka. In mun haɗu a bakin ruwa sai ya ɗaga murya.

"Sarkin Baka, ga surukinka can ya iso. Tuɓe takalmi ka duƙa ka gaishe shi mana!"

Baba ya ce, "Ya hi ka kunya, Altine. Shi in ya sha, tashi shikai, ba ya tsayawa surutu."

"To ka tambaye shi ko da wata ɗiya tai da za shi ba mu, ko ramammiya ta. Mu ba mu da tsada."

Mutane su yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Tun ana yi da wasa har aka kai maganar zauren mai gari. Na raka Baba, na zauna daga baya. Mai gari ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ko za a sassauta bana kaɗai. Liman ya ƙara da cewa lalura tana halatta abin da ya fi wannan.

Baba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ban ce haramun na ba. Halal na. Ranka shi daɗe, abin da nis sani ɗai na: tabkin da anka zub da jini bakinai, dawa ba ta koma mishi. In munka harba yau, mu ci nama mako guda. In munka yi haƙuri, jikokinmu su ci. Ni abin da anka ba ni amana ke nan. In an gaji da ni, ga baka, a ba wani."

Ba wanda ya miƙa hannu. Maganarsa tana da nauyi a lokacin. Ya yi alkawari duk abin da ya samo bayan kukar iyaka na gidajen masu jego ne, kuma ya cika. Muna fita ni da shi tun sanyin safiya, mu yi nisa, mu dawo wani lokaci da gada, wani lokaci da damo ko bushiya, galibi hannu wofi. In mun dawo kuma mu zauna a gindin bauren da tabkin ya ci sunansa muna gadin gabar yamma, kada wani ya saci jiki. Ina zaune ina kallon cinyar barewa, yawuna yana tsinkewa, ina gadinta.

A gida nonon Ige ya fara ɗaukewa. Kukan Hadiza ya sirance ya koma kamar na ɗan kyanwa, daga baya ma ta daina. Wata rana Ige ta miƙo mini ita ta ce, "Malam, riƙa ka ji. Zanen goyon ya hi ta nauyi." Kunyar suruki ba za ta bar ta ta tunkari Baba ba. Inna ce ta yi maganar, tana tsaye a kan Baba yana gyaran kibiya.

"Sarkin Baka, jikanyarka ko gwanki?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da naɗa jijiya a gindin kibiyar. Washegari ya fita tun kafin kiran salla, ya wuni, ya dawo da zabuwa ɗaya.

Ana cikin haka, wata ranar da zafi ya kai zafi, sai muka ji ƙugin mota. Landiroba ce, da mutum huɗu a ciki: wani Alhaji daga birni mai babbar riga fara fes, abokinsa, wani Bature da na'urar ɗaukar hoto a wuya, da direba. Sun ji labari wai akwai inda namun dawa suka taru, suna so su gani. Mai gari ba shi da abin da zai sauke su da shi, ya turo su gidanmu.

Wanda bai san mutanenmu ba ba zai gane abin da ya faru a zuciyar Baba ba. Baƙo ya shigo zaurenka, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, sai kuma me? Inna ta leƙo ta kira ni, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce babu komai cikin gidan nan sai anza, ita kuwa ba za ta aika wa baƙi anza ba ko za a yanka ta. Baba ya shigo ya tsaya a tsakar gida, yana duban rumbu, yana duban turke babu ko akuya. Na ga kunya ta rufe shi fiye da yadda yunwa ta taɓa yi.

Ya ce, "Baƙo shi shigo gidan Sarkin Baka shi hita ba a ba shi komi ba? Tunda babu tuwo, mu ba su kallo. Shi ɗai yar rage muna."

Na ce, "Baba, na ga bindigogi cikin motar."

"Mai bindiga maharbi na, kai wanga. Maharbi kau ya san ruwa. Kuma ina ka taɓa jin an ce ma baƙo aje makaminka?"

Duk da haka ya faɗa musu. Ya gaya wa Alhajin da bakinsa, ni kuma na juya wa Baturen da ɗan Turancin da na tsinta a tasha. Baturen ya gyaɗa kai. Alhajin ya yi dariya ya dafa kafaɗar Baba.

"Haba Sarki, kallo kawai muka zo. Hoto za a ɗauka. Bindiga ai don kura ce."

Da la'asar muka tafi. Baba bai yi musu rowa ba. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta don ya ga inda iska take bi, ya zaga da su ta inda dabba ba za ta ji warinsu ba, ya kai su maɓoyarsa ta bayan wata sarƙaƙiya, wurin da ko Baffa Altine bai taɓa zama ba. Ya nuna musu yadda za su durƙusa. Muka jira, gumi yana bin bayanmu, ƙudaje suna shan gefen idonmu.

Zabbi suka fara zuwa, sai barewa, suna taka laka a hankali. Can sai ga gwankayen sun miƙe daga inuwa. Sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu, amma tafiyarsu tana nan ta masu sarauta. Mai karyayyen ƙaho a gaba, mata a baya, wasunsu da ciki. Na'urar Baturen tana ta ƙyas, ƙyas. Na dubi Baba na ga yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin shuka ta ƙone. Ya matso kusa da Alhajin ya raɗa masa, "Ka gani? Duk ƙasag ga babu irinsu sai nan."

Namijin ya shaƙi iska, ya sunkuyar da kai, leɓensa ya taɓa ruwa.

Wanda ya fara harbi Alhajin ne, mai jin Hausa kamar ni. Sai abokinsa. Sai aka miƙa wa Baturen, shi ma ya ajiye na'urarsa ya karɓa. Dabbobin suka zabura, amma laka ta riƙe ƙafafunsu, ƙarfin fizgewa babu. Baba ya miƙe tsaye ya fita fili, hannuwansa a sama, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba.

"Subhanallahi! Suna sha! Bayin Allah, suna sha!"

Suka ɗan karkata bindigogin don kada su same shi, suka ci gaba. Da ƙarar ta lafa, kunnena yana ta amo, na ga ɗan ruwan da ya rage wa ƙauye guda ya koma ja. Waɗanda suka tsira sun nufi kukar iyaka suna tangaɗi, sun wuce ta, ba su waiwayo ba.

Kafin hayaƙin ya baje mutanen gari sun iso a guje, maza da wuƙaƙe suna sauri su yanka kafin rai ya fita, mata da ƙwarya da tasa. Direban ya datse kawuna ya feɗe fatu ya loda a bayan mota. Alhajin ya goge hannunsa da hankici ya zo wurin Baba, fuskarsa a sake.

"Sarki, ka yi haƙuri, abin ne ya zo da sha'awa. Ai ga jama'arka sun samu nama. Mun bar muku duka, sadaka."

Ya sa direba ya ɗauko kwalin sukari ya danƙa masa a hannu. Na zaci Baba zai jefa masa a fuska. Ni da na so haka. Amma baƙo baƙo ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya gode. Ya taka ya raka su har bakin mota, kamar yadda ake raka kowane baƙo, ya ce, "Ku sauka lahiya."

Da ƙurarsu ta kwanta, Baffa Altine ya taso daga cikin laka, jini har gwiwar hannu, da cinya a kafaɗa. Ya tsaya gaban Baba a kan idon jama'a. Babu wasa a muryarsa.

"Umaru. Wata nawa kana hana ɗiyanmu? Na bizne biyu. Ashe baƙi kaka aje ma."

Ranar ce na fara jin an kira mahaifina da sunansa a bainar jama'a. Ba wanda ya tsawata. Kowa yana sunkuye a kan nama.

Da magariba ƙauyen ya ɗauki ƙamshin da muka manta. Kowane gida hayaƙi, yara suna kuka don ciki ya manta yadda ake karɓar maiƙo. Gidanmu kaɗai murhu a kashe. Inna ta yafa mayafi ta fita ba ta nemi izini ba, ta je maƙwabta ta karɓi nama ta dafa wa Ige romo a can, ta dawo da shi a rufe cikin akushi. Sai da ta zo wucewa ta gaban Baba ta tsaya, tana jiran abin da zai ce. Yana zaune a kan buzunsa, kwalin sukarin yana gefensa.

Ya ce, "Kai mata. Ba ita tay yi alkawari ba." Ya tura kwalin da ƙafa. "Haɗa da wanga."

Shi bai ci ba. Ni ma ban ci ba, ba don na fi kowa ba, sai don yana kallona. Aka yanyana sauran naman aka shanya a kan danga, Ige ta yi ta shan romo. Bayan 'yan kwanaki nono ya dawo. Wata safiya muka ji Hadiza ta callara kuka mai ƙarfi har Inna ta yi guɗa. Na daɗe a duniya ina juya wannan abu a raina, a kan hanyoyi masu tsawo, ina riƙe da sitiyari, ban taɓa samun inda zan ajiye shi ya zauna daidai ba.

Dokar kuwa ta mutu a ranar. Wa zai sake hana wa? Washegari tarkuna suka cika gabar yamma. Barewar da ta dawo don ƙishi ya fi tsoro ƙarfi aka kama ta, zabbi aka bi su da sanduna, har gauraki ba a bari ba. Baba bai sake zuwa gindin baure ba. Ya rataye bakansa a zaure, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. In an gaishe shi da Sarkin Baka sai ya yi kamar da wani ake.

Da damina ta zagayo ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gero ya yi, tabki ya cika ya tumbatsa har gindin baure, bado ya rufe shi da furanni. Wata safiya Baba ya ce in raka shi. Muka zaga gabar yamma tun daga farko har ƙarshe, yana duban laka. Sawun kwaɗi, sawun balbela, sawun jakin wani. Muka dawo. Bai yi shekaru da yawa bayan haka ba. Ni kuma da aka yi sadakar arba'in na koma mota, ƙafata ba ta sake zama ba sai da tsufa ya zaunar da ita.

A duk inda na bi, in na ga tsohon maharbi nakan zauna da shi. A ƙasar Zabarmawa, a arewacin Kamaru, a bakin kogin Nilu, na tarar da masu irin wannan doka, kowa da yadda yake faɗinta, kuma galibinsu labarinsu ya ƙare kamar namu. A gandun dajin da Hadiza ta kai ni ne na ga dokar tana raye. Tana da ƙofa, tana da masu gadi da kaki da bindiga, tana da motoci, mutane suna tahowa daga bayan teku su yi mata shiru. Ta mahaifina ba ta da komai sai bakinsa.

Da gwankayen suka gama sha suka juya, Juma ya tayar da mota, ya waiwayo ya ce mini da Sawahili, "Mze," wato dattijo, "a ƙasarku akwai irin waɗannan?"

Na ce da akwai.

Ya ce, "Suka tafi ina?"

Na dubi Hadiza. Tana ta duba hotunan da ta ɗauka a waya, tana murmushi, mace mai jiki da lafiya, furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali. Ba ta san labarin nan ba, Ige ba ta gaya mata ba har ta rasu. Na ce wa Juma Sawahilina bai kai nan ba.

Makon jiya na je gaisuwar mutuwa a Mandera, na ce wa mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya biya da ni Tabkin Baure. Bauren babu, an sare. Wurin duk ya zama lambun albasa, an haƙa 'yan rijiyoyi, injunan ban-ruwa suna ta tari. Ba laifi, mutane suna ci daga nan, albasar ma ta yi kyau. Kukar iyaka ce kaɗai na gane, tana tsaye can ita ɗaya a tsakiyar gonar wani.

Ina tsaye sai ga wata saniya ramammiya, ta ɓalle daga wani garke, ta zo ta kafa baki a kwatar ruwan lambu. Mai lambun, magidanci ne da furfura a gemu, ya taso da sanda ya fara zabga mata a haƙarƙari. Tana sha yana duka, ta ƙi ɗaga kai. Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Kai! Ba a dukan mai shan ruwa!"

Ya tsaya da sanda a sama. Ya dube ni, ya ga tsufana, ya sauke ta, ya ɗan rusuna cikin ladabi.

"Yi haƙuri, Baba. Wa yac ce?"

Na ce, "Sarkin Baka."

Ya yi ta tunani, da gaske yake so ya gane. Sannan ya ce, "Na wane gari, Baba?"

A gabar yamma yake tsaye.